Ranar da Aka Zo wa Babana Jajen Rasha

Babana bai taɓa wuce Maiduguri ta gabas ba, ta arewa kuwa iyakarsa kasuwannin da ke gaba da Babura, inda yake saro kanwa a hannun mutanen Nijar. Amma in ka ji shi yana maganar Rasha sai ka rantse a can aka binne cibiyarsa. Shi ne wakilinta a Gwiwa. Babu wanda ya naɗa shi, babu kuma wanda ya isa ya sauke shi. Amurka ma tana da nata wakilin, wani dogon Bafillace mutumin Kazaure da aka turo garinmu aikin rubutu a ofishin hakimi tun ban zo duniya ba, ya yi ritaya ya ƙi komawa gida. Kowa Magatakarda yake ce masa. Ni Baffa na tashi ina kiransa, daga baya kuma na auri ɗansa, ya zama surukina.

Mu Barebari ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Babarbare da Bafillace. Kowanne yana kiran ɗan'uwansa bawansa, ya faɗa masa duk abin da ya zo bakinsa, kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya. Sauran mutane a kan nono da tsagar fuska suke tsayawa. Su waɗannan biyun sai suka ɗauko manyan ƙasashen duniya guda biyu suka raba, kowa ya riƙe ɗaya, suka yi shekara kusan talatin suna dukan juna da su.

Da la'asar sakaliya ake haɗuwa a dakalin ƙofar gidanmu. Kowannensu da rediyonsa, kowa ya zaro eriya ya kamo tashar mutanensa da ke magana da Hausa, sai ka ji ƙasashen biyu suna ta surutu lokaci guda ba mai sauraron wani. In an gama labarai a kashe, sannan a fara na gaske.

Hujjar Baba ɗaya ce, ba ta tsufa. Ya ce lokacin da ƙasar nan ta shiga yaƙi da kanta, Amurka naɗe hannu ta yi tana kallo, Rasha ce ta kawo jirage. Wanda ya tsaya maka ranar wuya, in ji shi, ba ka tambayarsa ko yana salla. Magatakarda kuwa wani malami Ba'amurke ya sani a Kazaure da ƙuruciyarsa, wanda yake jin Hausa, yake cin tuwo da hannu, yake tuɓe takalmi in zai gaida dattijo. A kan mutum ɗayan nan ya yafe wa ƙasar duk abin da za ta yi har abada. In ya kawo zancen zuwa duniyar wata, sai Baba ya ce ƙarya ne, dutse suka samu irin na Kazaure suka hau da farin kaya aka ɗauke su hoto.

Sauran 'yan majalisar ba su da tsayayyen ɓangare, inda iska ta kaɗa nan suke. Shekarun da Rasha ta shiga wata ƙasar Musulmi da tankoki, kowa ya watse ya bar Baba shi kaɗai, har da masu ce masa ya je ya sake kalmar shahada. Da Amurka ta yi ruwan wuta a ƙasar Larabawa kuma, sai duk suka dawo bayansa, Magatakarda ya zama abin nuni a kasuwa. Abin da na lura da shi tun ina budurwa shi ne, duk ranar da gari ya taru a kan ɗayansu, ɗayan ba ya sa baki. Shi kaɗai yake da izinin zaginsa. Akwai wani baƙon Baba daga Nijar da ya taɓa sauraronsu yini guda, da zai tafi ya ce su dai sun huta, da za a ba su Faransa su riƙe na wata ɗaya da sun san me ake ciki.

A cikin gida ba ruwanmu. Inna ta ce ita abin da ta sani game da Rasha da Amurka shi ne su suke sa tuwon maigidanta ya huce. Sai da Yayana ya samu gurbin karatun likita a Rasha sannan ta zaɓi ɓangare. Ta ce ƙasar da ɗanta yake cin abincinta ba za ta so ta da sharri ba.

Magatakarda ne ya cika wa Yaya takardun tafiyar da hannunsa, yana cikawa yana cewa za a kai yaro inda ba rana ba Allah, sanyi ya daskarar da shi. Ranar tafiya kuma ya zo da wata kwat mai kauri da ya ajiye tun zamanin aikinsa, ya saɓa masa a kafaɗa ya juya da sauri. Baba kuwa sati guda ya yi yana zaga gari kamar an yi masa sarauta.

Shekarar da aka ba mu jiha, Yaya yana shekararsa ta huɗu a can. Ana ta murnar an raba mu da Kano, ni kuma ina fama da cikin fari a Kazaure, inda mijina yake koyarwa. A cikin watannin nan ne wasiƙun Yaya suka ɗauke. Da duk wata sai ta zo, sai ga shi an yi wata huɗu shiru. Rediyo kuwa ba ya faɗin alheri. Yau a ce mutane suna layin burodi, gobe a ce sojoji sun fito titi, jibi a ce wani yanki ya ɓalle. Ashe abin da muke kira Rasha tarin ƙasashe ne aka ɗaure wuri guda, igiyar ce take kwancewa.

Da na zo gida haihuwa na tarar Baba a waje bai canza ba, yana nan yana cika baki a dakali, yana cewa gyara ake yi. A ciki ne na ga abin da yake ɓoyewa. Ba ya karatun boko, don haka ni yake ba wasiƙar ƙarshe in karanta masa, har na haddace ta. Wata rana da na gama sai ya juya ambulan ɗin yana kallon adireshin, ya ce, "Ke da kika yi makaranta, in ƙasa ta mutu, wasiƙar da aka aika mata ina take zuwa?" Na ce masa gari ai yana nan inda yake. Bai gamsu ba, ni ma ban gamsu ba.

Na haifi 'ya mace. Kwana goma da haihuwar, rediyo ya faɗi cewa an sauke tutar ƙasar, babu ita kuma. Baba ya ji. Washegari da sassafe ya hau kekensa ya tafi gona duba karan da aka tara masa.

Abin da ya biyo baya sai daga baya na haɗa shi daki-daki. Magatakarda ya kwana da farin ciki, ya ga ranar da ya yi shekara talatin yana jira ta zo, kuma ya ƙudura ba zai yi mata riƙon wasa ba. Ya sa farar riga da rawani, ya bi gida-gida ya tattaro dattawan majalisa guda huɗu, suka zo da tabarmi suka shimfiɗa a ƙofar gidanmu. Suka zauna suka sunkuyar da kai, kowa da carbi a hannu, suna jiran maigidan ya dawo su yi masa jajen Rasha. Ya gargaɗe su kada wanda ya yi dariya, kuma duk wanda ya zo wucewa kada a tanka masa, don kada labari ya riga su isa kunnen Baba.

To a garinmu in ka ga tabarmi a ƙofar gida da hantsi, dattawa a kai sun yi jugum, ba ka tambaya. Ka san abin da ya faru, saura kawai ka san wane ne. Kuma duk Gwiwa babu wanda bai san gidan nan yana da ɗa a ƙasar da ta rikice ba, babu wanda bai san an daina jin ɗuriyarsa ba. Maza suka fara tuɓe takalma suna zama a gefen tabarmin. Su dattawan suna ganin haka suka ƙara sunkuyar da kai, a zatonsu wasa ne yake ƙara armashi.

Ina bayan ɗaki ana yi mini wankan jego, ruwan zafi yana cin bayana, na ji salati ya tashi a tsakar gida. Na ɗaura zane na fito. Mata sun cika gidan, wasu da lulluɓi wasu ko mayafi ba su tsaya ɗauka ba. Inna tana zaune a ƙasa kusa da murhu, ludayi a hannunta, wata maƙwabciyarmu ta riƙe ta tana cewa, "Sai haƙuri, baƙon ƙasa ya yi shahada." Inna ba ta yi kuka ba. Kallon matar kawai take yi. Ni ce na kurma ihu, har jaririyar ta farka.

Baba kuma a hanyar dawowa wani mai shayi ya tare shi, ya cire hula ya ce Allah ya jiƙan yaro, ya sa ya huta. Waɗanda suka gan shi sun ce sauka ya yi daga keken ya turo shi da hannu, tun daga bakin kasuwa har gida, ana yi masa gaisuwa yana amsawa. Tafiyar ba ta da nisa, amma duk tsawonta ɗansa matacce ne.

Ina zaure a lokacin, na fito neman wanda zai faɗa mini gaskiya, don haka da idona na ga isowarsa. Magatakarda ya miƙe, fuska a murtuke, ya kama hannunsa biyu ya ce, "Sai haƙuri, bawana. Kowa da ranarsa."

Baba ya ce, "Yaushe?"

"Jiya. Ai rediyo ya faɗa."

Baba ya ce a hankali, "Har sunansa suka faɗa?"

A nan ne na ga fuskar Magatakarda ta sauya. Ya dubi taron da ya ninka wanda ya zo da shi sau biyar, ya ji kukan mata daga cikin gida, ya dubi Baba. Da ƙyar ya ce, "Wane suna? Ƙasar nake nufi. Wallahi ƙasar nake nufi. Wasa ne."

Na zaci Baba zai mare shi, kuma da ya yi da na ji daɗi. Bai yi ba. Ya zare hannunsa, ya jingine keken a bango, ya juya ga jama'a ya ce a yi haƙuri, kuskure aka samu, ba a yi rasuwa ba, Allah ya ba da ladan zumunci. Sannan ya shiga ciki ya durƙusa gaban Inna, abin da ban taɓa gani ba, ya faɗa mata. Sai a lokacin ta fashe da kuka, ta yini tana yi.

Ni kam na yi fushi, fushin da ban taɓa yin irinsa ba. Ba ni da bakin faɗa wa suruki magana, don haka da mijina ya zo ranar Juma'a shi ya sha. Na ce masa gidansu ba su san inda wasa yake tsayawa ba, tsoho da furfurarsa ya kusa kashe mini uwa a kan wata Amurka da ba ta san da zamansa a duniya ba. Bawan Allah ya sunkuyar da kai yana ba ni haƙuri kamar shi ya shimfiɗa tabarmin.

Magatakarda ya zo ba da haƙuri tun a yammacin ranar, ya sake zuwa washegari da liman. Baba ya tarbe su da fara'a, ya ce ai babu komai, ya yafe duniya da lahira. Liman ya tafi yana murna ya sasanta. Mu da muka san su mun san ba a sasanta komai ba, don Baba da zai sallami Magatakarda cewa ya yi, "A sauka lafiya, ranka ya daɗe."

Ranka ya daɗe! Mutumin da tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira shi da abin da ya wuce bawana ko ɗan nono ba. Daga ranar Baba ya ɗauki ladabi ya ɗora masa. In ya zo dakali ya miƙe masa, ya sa a kawo masa buzu, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. In Magatakarda ya ce Amurka ta yi kaza, sai Baba ya ce, "Haka ne, gaskiyarka." Rediyonsa kuwa ya shige ɗaki bai ƙara fitowa ba. Ba a yi sati biyu ba majalisar ta watse, don babu wanda zai bar aikinsa ya zo kallon tsofaffi biyu suna girmama juna.

Ban san lokacin da fushina ya koma tausayi ba. Ina jin ranar da na leƙa ta zaure ne na ga Magatakarda zaune a kan buzun, rediyonsa a cinya bai kunna ba, yana ta murza eriyar. Ya yi zuru-zuru. Ya jefo wata 'yar tsokana a kan kanwa, irin wadda da Baba zai rama da goma, sai Baba ya yi murmushi ya ce Allah ya ƙara girma. Wallahi da zagi ne da ya fi sauƙi. Na koma ɗaki na rasa wanda zan fi jin haushi a cikinsu.

Sai Magatakarda ya ɓace kwana uku. Ashe Kano ya tafi, yana bin ofisoshin da ke kula da ɗalibai, da tsufansa, yana zama a benci tun safe. A can aka ce masa akwai wani yaro mutumin Roni da ya dawo daga can kwanan nan. Ya juyo ya nufi Roni, ya yi ta tambaya har ya samu gidan. Yaron ya san Yaya, makarantarsu ɗaya, ya rabu da shi lafiya ƙalau sai dai rama, har ma Yaya ya ba shi wasiƙa ya kawo, tana cikin akwatinsa yana jiran ya huta ya nemi Gwiwa. Garin da suke ma, in ji shi, yanzu ba ya cikin Rasha, wata sabuwar ƙasa ce, kuma karatu bai tsaya ba.

Ni na karanta wasiƙar a tsakar gida, Inna tana dariya tana share hawaye. Magatakarda yana zaure yana jira, ƙafafunsa sun kumbura saboda zaman mota. Baba ya fita ya same shi, ina biye da shi da kwanon ruwa. Ya yi masa godiya mai tsawo, ya yi masa addu'a har da iyayensa, ya rufe da cewa, "Mun gode, ranka ya daɗe. Allah ya bar zumunci." Magatakarda ya karɓi ruwan bai sha ba, ya tashi ya tafi.

Da na samu Baba shi kaɗai na ce masa, "Baba, ka ce ka yafe."

Ya ce, "Na yafe mana."

"To ka zage shi."

Ya kalle ni, ya kau da kai. Ya ce yana so, amma duk sanda ya buɗe baki sai ya tuna hanyar nan daga kasuwa zuwa gida, sai maganar ta maƙale.

Ranar da na yi arba'in aka zo mayar da ni Kazaure. An loda kaya a mota, mata sun shiga, Magatakarda ya zo sallama yana zaune a zaure tare da Baba, suna ta gaisuwar da ba ta ƙarewa. A al'ada ba ni zan fito da 'yar ba. 'Yar fari ce, ko ɗaukarta a gaban manya abin kunya ne, balle gaban suruki. Na karɓe ta daga hannun ƙanwar Inna, ana ta zare mini ido, na shiga zauren da ita. Jika mace dai kowa ya san matar kakanta ce a wasa, ga kuma kakanni biyu a zaune. Na durƙusa na ɗora ta a cinyar Magatakarda, kaina a ƙasa, na shirga ƙaryar da har yau ban nemi gafararta ba.

Na ce, "Baffa, Baba ya ce in kawo maka amarya. Wai ya janye, ba zai iya takara da kai ba."

Ina jin idon Baba a kaina. Magatakarda ya dubi jaririyar ya daɗe. Na san lissafin da yake yi. In ya yi shiru, shi ke nan, haka za su ƙare. In ya yi magana kuma, bakinsa ne ya jawo duk wannan.

Ya gyara murya, bai ɗago ba, ya ce, "Ai gara da ya janye. Mutumin da ƙasarsa ta watse, ina zai ajiye amarya?"

Na ce a raina tsohon nan ba ya jin magani, ga shi ya sake taɓo wurin. Mai mota ya danna oda a waje. Baba ya tsura masa ido, tun daga rawani har ƙafa, kamar yau ya fara ganinsa.

"Miƙo min matata, bawan banza," in ji Baba. "Kai da Amurkar taka duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Wata guda kacal ba mai tanka muku, dubi yadda ka lalace."

Magatakarda ya buɗe baki zai rama, sai kuka ya ƙwace masa. Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza, ya ƙanƙame 'yar ya ƙi bayarwa. Baba ya ce a zo a ga Bafillace yana kuka a gaban surukarsa, yana faɗa shi ma yana goge ido da hannun riga. Da ƙyar na ƙwato 'yata na fita.

Kafin in zauna a mota muryoyinsu sun tashi, Baba yana rantsuwa Rasha za ta dawo, Magatakarda yana cewa sai dai a lahira. Har muka ɗau hanya babu wanda ya leƙo a cikinsu ya ce mini Allah ya kiyaye.